Gidan Cragside: rashin iya zane ne ko da gangan aka yi shi haka?

Malam, tambayarka dai ita ce ka ga hoton wani katafaren gida a Ingila mai suna Cragside, aka ce maka ginin zamanin Sarauniya Biktoriya ne, amma kai a idonka ya fi kama da tsohuwar fada ta shekara ɗari biyar, kuma ka rasa gane tsarinsa, nan hasumiya can bututun hayaƙi, taga wata ƙatuwa wata 'yar mitsitsiya, gefen dama bai san da zaman na hagu ba. Shine kake tambaya wai rashin iya zane ne ko kuwa.

Da gangan ne wallahi. Wanda ya zana yawancinsa, Richard Norman Shaw, yana sahun gaba a masu zanen gini na Ingila a wancan lokacin, shi ne ma daga baya ya zana hedikwatar 'yan sandan Landan ta wancan lokacin da aka sani da New Scotland Yard, to ka ga ba ɗan koyo aka ɗauko ba. Amma sai ka san wa ya biya kuɗin ginin da kuma yadda masu kuɗin lokacin suke zama a cikin gida kafin abin ya zauna maka a kai.

Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma a tsakanin nan ne kuɗin masana'anta da banki da kasuwancin ƙetare suka yi yawa a hannun mutanen da iyayensu ba sarauta gare su ba. To a Ingila ta lokacin komai kuɗinka in ba ka da ƙasa da gida a ƙauye, da dajin farauta da masu yi maka noma, ba a gama ɗaukarka babban mutum ba, ɗan kasuwa ne kai kawai. Shi ya sa kowa ya samu sai ya nufi ƙauye ya sayi fili. William Gibbs da ya gina Tyntesfield kusa da Bristol kashin tsuntsayen teku ya ba shi arziki, ana kwaso shi daga Peru ana sayar wa manoma a matsayin taki. Ferdinand de Rothschild na gidan masu banki ya gina Waddesdon, ya ɗauko Bafaranshe ya zana masa shi sak irin fadojin Faransa. Shi kuma mai Cragside, William Armstrong, lauya ne da farko a Newcastle, son injuna ya ja shi ya bar aikin lauya, ya ƙirƙiro injin ɗaga kaya a tashar jirgin ruwa mai aiki da ƙarfin ruwa, daga nan ya shiga ƙera igwa da jiragen yaƙi a masana'antarsa ta Elswick, yana sayar wa gwamnatoci har su Japan da Italiya da Chile. Kamfaninsa ne ma ya yi injinan farko da suka riƙa ɗaga gadar nan ta Landan mai buɗewa biyu, Tower Bridge. Sabon kuɗi ne zalla, kuma mai sabon kuɗi ba abin da yake so kamar gida mai kama da na gado. Shi ya sa ka ga tsufa a jikin ginin da ko shekara ɗari da saba'in bai cika ba.

Yanzu maganar rashin daidaito, wadda ita ce ainihin tambayarka. Kafin zamanin Biktoriya, a ƙarni na 18, salon da ake yayi shi ne gida kamar akwati, ƙofa a tsakiya cif, taga huɗu dama taga huɗu hagu, sai a zo a cusa ɗakuna a ciki ko sun dace ko ba su dace ba, har takan kai a yi tagar ƙarya a bango wadda ba ta buɗewa ko'ina don dai lissafi ya cika. Sai masu zanen gini irin su Augustus Pugin suka taso suka ce wannan yaudara ce, kamata ya yi a fara tsara ɗakunan yadda ake buƙatarsu sannan waje ya bi abin da ciki ya ce. Ɗakin karatu yana son haske, a ba shi ƙatuwar taga mai turowa waje. Matakala tana hawa, tagoginta su bi ta suna hawa. Ɗakin ajiye nama yana son sanyi, a kai shi arewa inda rana ba ta bugawa a ba shi 'yar taga. Kowane ɗaki da murhunsa, kowane murhu kuma da hanyar hayaƙinsa, shine ka ga bututu birjik a sama. In ka bi wannan ƙa'idar ba yadda za a yi dama ta yi kama da hagu, kuma su a ganinsu hakan ma ya fi kyau, ya fi kama da ginin da ya girma a hankali kaka da kakanni. Gwamnati ma ta taimaka ba da niyya ba, an soke harajin gilashi a 1845, na bulo a 1850, na taga a 1851, dama can har yawan tagogin gidanka ake ƙirgawa a caje ka, to da aka cire sai kowa ya saki jiki.

Abu na biyu da ya sa gidajen nan suke bazuwa kamar ba za su ƙare ba shi ne raba mutane. Akwai wani akitet, wato mai zanen gini, Robert Kerr da ya rubuta littafi a 1864 a kan yadda ya kamata gidan babban mutum ya kasance, kuma abin da ya fi nanatawa shi ne masu gida da 'yan aiki al'umma biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, bai kamata su riƙa cin karo ba. To sai ka ga matakala biyu ko fiye, babba ta masu gida da baƙi, ta baya ƙunƙuntacciya ta masu ɗaukar kwal da ruwan zafi. Kicin a kai shi nesa da ɗakin cin abinci don kada warin girki ya iso, ko da kuwa abincin zai huce a hanya. Su kansu 'yan aikin an raba su, maza ƙarƙashin babban hadimi mai kula da azurfa da kwalaben giya, mata ƙarƙashin uwar ɗakin da take riƙe da makullan sito, wurin kwanansu daban hanyarsu daban. A ɓangaren masu gida ma haka, ɗakin biliyad da na shan taba da na bindigogi na maza ne, falon zama bayan cin abinci da ɗakin hantsi na mata ne, yara kuma can sama da mai renonsu. Kai da ka tashi a gida mai zaure da shigifa da cikin gida da turaka ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka san baƙo yana da inda yake tsayawa, bambancin kawai su nasu rabon ya fi karkata kan mai gida da bara, kuma duk a cikin gini ɗaya aka cusa shi maimakon a tsakar gida a buɗe. Kowane aiki da ɗakinsa, har goge takalmi da gyaran fitila, to in ka jera waɗannan duka ai dole gini ya yi ta miƙe ƙafa.

Sai kuma abin da ya keɓanta da Cragside shi kaɗai, wato wurin da aka dasa shi. Yana kusa da garin Rothbury a Northumberland, can arewa dab da iyakar Sikotilan. Armstrong ya san wurin tun yana yaro, ya dawo ya sayi fili a 1863 ya gina ɗan madaidaicin gida na hutu da farauta a gefen wani tsauni, a kan wani ɗan dandamalin dutse da ke kallon kwarin da rafin Debdon yake bi. Wurin a lokacin fayau yake, duwatsu da ciyawa, dajin da kake gani a hoto duk shuka shi aka yi, ana cewa bishiyoyi da ƙananan itatuwa wajen miliyan bakwai shi da matarsa Margaret suka sa aka dasa. A 1869 ya kira Shaw ya faɗaɗa masa. Ana ba da labari wai Shaw ya zana fasalin gidan gaba ɗaya a yini guda lokacin da mai gida da baƙinsa suka fita harbi, ko ma dai yaya ne ginin kansa bai tashi a yini guda ba, an kai shekara goma sha biyar ana yi ana ƙari, kuma tsohon ɗan gidan ba a rushe shi ba, haɗiye shi aka yi a ciki. Aka fara da ɗakin karatu da na cin abinci a farkon shekarun 1870, sai hasumiya da doguwar barandar hotuna, sai babban falo a farkon shekarun 1880, har bayan Shaw ya gama wani akitet Frederick Waller ya zo ya ƙara ɗakin biliyad a 1895. To filin ba shi da faɗi, gaba rami baya dutse, duk ƙarin da za a yi sai dai a fasa dutsen a shiga ko a hau sama, kuma dutsen da aka fasa da shi ake ginin. Shi ya sa in kana ciki zaka hau bene ka ɗauka ka yi nisa da ƙasa, sai ka tarar ɗakin da ka shiga a kan dutse yake zaune daram.

Wannan ya kawo ni kan babban falon, don a nan ne zaka ga amfanin abin da na faɗa. Akwai murhu a ciki na dutsen mabul da ya tashi daga ƙasa har kusan rufi, an sassaƙe shi da 'ya'yan itace da furanni da siffofin yara, nauyinsa wajen tan goma, W. R. Lethaby ne ya zana shi lokacin yana aiki a ofishin Shaw. Tan goma a ɗakin da sai ka hau matakala kafin ka kai, ba katakon da zai ɗauki wannan, abin da ya sa ya yiwu shi ne ta wannan gefen falon a kan tsaunin yake. Hasken ɗakin kuma yawanci daga sama yake saukowa ta rufin gilashi, bangon an bar shi don rataye hotuna. An yi ta sauri a gama shi saboda zuwan Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na bakwai daga baya, da matarsa a watan Agustan 1884. Ni dai in ka tambaye ni murhun nan ya yi yawa, nuna isa ne kawai, an yi shi ne don baƙo ya shigo ya riƙe baki, kuma ka tuna su wa suke zuwa gidan, har Shah na Farisa (sarkin Iran) da Sarkin Siyam (Tailan ta yau) sun sauka a nan, mutanen da ake fatan su sayi igwa da jirgin yaƙi. Gidan rabinsa wurin hutu ne rabinsa shagon nuna haja.

Inda Shaw ya nuna gwanintarsa da gaske a ganina ɗakin cin abinci ne da na karatu. A ɗakin cin abincin murhun ba a manne yake da bango kawai ba, an yi masa wani ɗan lungu nasa na kansa, ka bi ta ƙarƙashin wata ƙatuwar baka ta dutse ka shiga, benci na katako dama da hagu, wuta a tsakiya, sai 'yan ƙananan tagogi masu gilashi mai launi daga kamfanin William Morris a gefe, an zana mata huɗu masu wakiltar lokutan shekara. Ɗaki ne a cikin ɗaki. Asalin abin daga tsofaffin gidajen manoma aka ɗauko shi, inda mutane suke shigewa jikin wuta saboda sauran ɗakin ba ya ɗumi, Shaw ya ɗauko shi ya gyara ya sa a gidan attajiri, daga nan ya zama yayi kowa yana kwaikwaya. Ɗakin karatun kuma an lulluɓe bangonsa da katako mai haske, ga wata babbar taga da ta turo waje tana leƙa kwarin, kana zaune kamar a saman bishiyoyi kake. Ba shi da hayaniyar falon, girmansa daidai mutum, kuma shi ne ɗakin da iyalin suka fi zama.

To a wannan ɗakin karatun ne ma abin da ya fi ba mutane mamaki yake. Gidan da aka yi wa shigar tsufa shi ne gida na farko a duniya da aka haska da lantarkin da ruwa ya samar. Armstrong mutumin ruwa ne tun asali, a 1863 ma ya tsaya gaban taron masana kimiyya a Newcastle ya ce kwal ɗin Ingila zai ƙare cikin shekara ɗari biyu in aka ci gaba da ɓarnarsa haka. Ya datse rafuka ya yi tafkuna biyar a filinsa, wasu a kan tsauni sama da gidan don ruwa ya gangaro da ƙarfinsa. A 1878 ya haɗa injin da ruwa ke juyawa da janareta ya kunna wata fitila mai tartsatsi a ɗakin hotuna, irin mai ƙarfin nan da ke kashe ido tana hayaƙi, ba ta daɗin zama. Sai a 1880 abokinsa Joseph Swan, shi ma mutumin yankin ne, ya kawo ƙwan fitilarsa da ya ƙirƙiro aka sa a gidan. Da yake ba wanda ya taɓa ƙera mazaunin ƙwan lantarki a lokacin, sai aka ɗauki wasu tulunan kwalliya na ƙarfe masu ado da ke ɗakin karatun aka ɗora musu ƙwai a ka, suna nan har yau.

Kuma ba fitila kaɗai ba. Ruwa ne yake tura lif, wanda yawanci don 'yan aiki aka yi shi su daina hawa da kwal da akwatuna a ka. Ruwa ne yake juya ƙarfen gasa nama a kicin, ba sai an sa yaro ya zauna gaban wuta yana murzawa ba. Akwai ruwan zafi da na sanyi a famfo, akwai wayar tarho tsakanin sassan gidan, akwai ƙararrawar lantarki ta kiran cin abinci. A ƙarƙashin ɗakin karatun an yi wurin wanka irin na Turkawa, ɗakin zafi da na sanyi da kwarmin da ake faɗawa ruwa, iska mai ɗumi kuma ana tura ta sama ta ramuka a cikin gini tana fitowa ta ragar ƙarfe a daɓe. Wato da yawa daga murhun nan da kake gani ba su kaɗai suke ɗumama gidan ba, Bature dai ba ya jin yana gida in bai ga wuta tana ci ba. Wannan haɗin na tsohuwar riga da sabon inji shi ne zamanin Biktoriya gaba ɗayansa, tashar jirgin ƙasa ma haka suke yi mata, gaba kamar coci baya ƙarfe da gilashi.

Akwai inda nake da ja da Shaw, tunda ka tambayi ra'ayi. Dubi saman ginin zaka ga wasu wurare farare da baƙaƙen katakai a jere a jiki. Wannan salon ginin katako da filasta na wasu yankuna ne can kudu da yammacin Ingila, irin su Kent da Cheshire, inda itace yake da yawa. Northumberland ƙasar dutse ce, ƙasar iyaka da aka yi ta yaƙi da hare-hare, gidajensu na da hasumiyoyi ne masu kaurin bango da ƙananan tagogi. To ɗauko wancan a ɗora a kan tsaunin arewa kwalliya ce kawai, kuma ya ci karo da waccan ƙa'idar ta gaskiya a gini da aka fara da ita. Sai dai kuma in ka sauka ƙasa ka tsaya kan gadar ƙarfen da ta haye rafin ka ɗaga kai, zaka gane me yake nema, ƙasa dutse mai nauyi kamar daga tsaunin ya tsiro, sama kuma farin nan yana sauƙaƙa shi, rufi yana hawa kan rufi har zuwa hasumiya. Daga nan wurin aka tsara a kalle shi, kuma na tabbata hoton da ka gani daga nan aka ɗauka. Ta ƙofar shiga kuwa bai kai haka armashi ba, a nan ne ɗinkin yake fitowa ka ga inda aka yi ta ƙari.

In kana son gwada kanka da hoton, fara da tagogi. Manya masu sandunan dutse a tsakani na ɗakunan baƙi ne da na masu gida, ƙananan da ke can ƙarƙashin rufi na 'yan aiki ne ko sito. Sannan ƙirga bututun hayaƙi, kowane baki ɗaya murhu ɗaya ne, kuma kowane murhu akwai yarinyar da take tashi da asuba ta kwashe toka ta goge ta hura kafin masu gida su farka.

A nan kuma matsalar irin waɗannan gidaje take. An tsara su ne a kan cewa 'yan aiki suna da arha kuma za su ci gaba da arha. Rufin nan mai kyan gani duk inda biyu suka haɗu kwari ne da ruwa da ganye da ƙanƙara suke taruwa, an shimfiɗa dalma a ciki, in ba a hawa ana dubawa sai ruwa ya shiga katako ya ruɓe ba ka sani ba. Daga ƙarshen shekarun 1870 farashin amfanin gona ya faɗi saboda hatsin Amurka mai arha, kuɗin haya na gonaki ya ragu, a 1894 aka kawo harajin gado, yaƙin duniya biyu suka kwashe ma'aikata, waɗanda suka dawo kuma suka gwammace masana'anta da ofis. Gidaje da yawa aka rushe, musamman a shekarun 1950, kuma na zamanin Biktoriya sun fi shan wahala don a lokacin kallon munana ake musu. Armstrong ya zama Lord a 1887, ya rasu a Cragside a Disambar 1900 yana da shekara 90, bai bar ɗa ba, dukiyar ta koma hannun jikan 'yar'uwarsa wanda bai daɗe ba ya yi asarar kaso mai yawa a harkokin kasuwanci. Iyalin sun lallaɓa da gidan har shekarun 1970 lokacin da harajin gado ya sake faɗo musu, gwamnati ta karɓe shi a madadin kuɗin, aka miƙa wa ƙungiyar National Trust mai kula da kayan tarihi a 1977, ta buɗe shi ga jama'a a 1979. A 2014 sun sa wani inji mai kamar ƙaton sukurun ƙarfe a bakin ɗaya daga tafkunan, ruwa yana juya shi, da wutarsa ake kunna fitilun gidan yanzu.